Takardar da Baba Ya Ƙi Sa wa Hannu

Mahaifina, Kyaftin Haruna, sojan sama ne kafin ya ajiye kaki. Daga baya wani kamfanin gyaran jirage a Riyad ya ɗauke shi matuƙin gwaji, wato shi ke fara tashi da duk jirgin da aka gyara kafin a mayar wa masu shi. Ni da Inna da ƙanwata Asma'u a kan iƙamarsa, wato izininsa na zama a ƙasar, muke zaune.

Wata la'asar, ina ɗan shekara tara, shugaban kamfanin ya zo har falonmu da takardar shaidar lafiyar wani jirgin da Baba ya gwada. Baba ya zuba masa gahawa.

"Ya Kyaftin, sa hannu kawai, shi ke nan," in ji baƙon. "Gobe masu jirgin za su zo."

"Sau biyu ya girgiza da na rage gudu," in ji Baba.

"Na'ura ba ta nuna komai ba. Ka tuna da iyalinka."

Inna ta ce daga bayan labule, "Alhaji, a dai yi tunani."

Baba ya daɗe yana dubana, sannan ya ture alƙalamin gefe. "Wanda zai tuƙa shi bayana ma yana da yaro a gida. Ba zan rubuta lafiyar da hannuna bai ji ba."

Bana na kammala digiri, kuma har yau ban ji malamin da ya faɗi jimla mai nauyin wannan ba.

Cikin wata biyu muka bar Riyad. Mun rasa aiki ɗaya, iƙama huɗu, da shekarar karatu biyu, tawa da ta Asma'u.