Direban Jar Mota

Alkasum ya jiƙa gefen rigarsa da yawu, ya goge wani ɗan tabo kusa da fitilar baya, ya matsa ya ƙare mata kallo. Ja ce wur, mai dogon hanci, ba ta da rufi, kujera biyu kacal, cikinta kamar ya taɓa ƙasa. A Damagaram ta zamanin Faransa, lokacin da motocin gari ba su cika yatsun hannu ba, ba ta da ta biyu. Mai ita wani Bature ne mai sayen gyaɗa, kuma don gudu kaɗai ya kawo ta.

Duk ranar da za a fita da ita, Alkasum ne farkon barin gida, shi ne ƙarshen dawowa, ƙafafu futu-futu, riga jiƙe da gumi. Da la'asar sai ya zauna gindin tsamiya a Zango, inda fatake ke hutawa, ya buɗe musu karatu.

"Mota ba ta son matsoraci," in ji shi. "In an iso rairayi, kada a ɗaga ƙafa. Aka ɗaga, ta zauna. In ta zauna kuwa, kafaɗa ce za ta ba da labari. Gwani kuma daga wutsiyar mota ake gane shi, yadda take karkata a kwana ta dawo daidai."

"Direba, yaushe za ka ɗana mu?"

"Kai da jaki ma ke kayar da kai? Bari ka haifu tukuna."

Direba. Sunan ya bi shi daga Zango har lungunan Birni. Saboda sunan nan surukinsa ya fara miƙa masa hannu, matarsa Delu kuma ta samu wurin zama a gaba a gidan biki. Bai taɓa cewa a kira shi haka ba, bai kuma taɓa hanawa ba.

Wata ranar kasuwa, a kan hanyar Garagumsa, wani manomi mai suna Suma'ila ya taho da jakinsa ɗauke da gero. Jakin ya ji rugugin da bai taɓa ji ba, ya gitta hanya, Suma'ila ya bi shi don ya janyo. Masu aiki a gonaki ƙara kawai suka ji. Da suka iso, mota na tsaye a karkace, Bature na can gefe yana kunna taba, Alkasum kuma na durƙushe kan gawa yana haki.

Aka kama Alkasum. Kafin a shiga gaban Kumandan, Baturen mulki, tafinta ya raɓo shi ya rage murya. "Baturenka ya ce kada ka damu."

Alkasum bai damu ba. A gidan sarauta ubansa ya yi barantaka, ya kuma san yadda ake yi tun kaka da kakanni. In bara ya faɗa hannun hukuma a bakin aikin ubangidansa, shiru yake yi ya riƙe mutuncin gida. Ubangida zai bi ta bayan fage, ya ba dangin mamaci haƙuri, ya fanso baransa, wani lokaci har da kyautar riga. Bara ba ya tsufa a ɗaure ubangidansa na numfashi.

Abin da aka kira shari'a bai kai tsawon shan fura ba. Aka kira fataken Zango, kowa ya rantse cewa duk garin da Direba aka san shi, kuma da bakinsa yake koya musu tuƙi. Kumandan ya yi tambaya ɗaya tak: wa ke tuƙa motar? Alkasum ya waiga, ya ga surukinsa a bakin ƙofa, ya ga Baturensa zaune a inuwa ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Ni ne," in ji shi.

Lami, matar mamacin, ta tofa masa yawu a hanyar gidan kaso, ta ce Allah ya isa tsakaninta da shi har zuriyarsa.

Aka sa masa mari a ƙafa, aka kai shi fasa dutse a kan hanyar nan ta Garagumsa. Da ya ji ƙugin inji daga nesa sai ya ajiye guduma ya miƙe ya gyara riga. Jar mota ta wuce kamar kibiya, shi kuwa ya bi ta da ido, har ya ce wa na kusa da shi, "Ka ga kwanar nan? An sha ta da kyau."

Delu ta kawo masa fura, ta durƙusa tana kuka ƙasa-ƙasa. "Maigida, don girman Allah ka faɗa musu mana."

"Tashi ki tafi gida. Yana zuwa."

Kakar gyaɗa ta ƙare. Bature ya haɗa kayansa ya nufi Kano da motarsa, ko sallama bai aiko ba. Da bazara aka tasa fursunoni zuwa arewa, cikin hamada, Alkasum a cikinsu. Waɗansu sun dawo.

Har yau a Birni, in jikokinsa suka nemi aure, sai an samu tsohuwar da za ta yi raɗa cewa jinin mai kisan kai ne. Wannan zalunci ne, kuma wajibi ne a janye shi, ko da yake Kumandan da tafinta da shaidu duk ƙasa ta rufe su, babu sauran wanda za a kai wa ƙara. Ba a nemi wani dogon bincike ba. Abin da ya kamata alƙali mai hankali ya yi shi ne ya sa a kawo motar, ya ce wa wanda ake tuhuma ya zauna ya nuna birki.

Da ba zai iya ba, domin Alkasum bai taɓa shiga motar nan ba ko sau ɗaya: kujerar gefe ta karen Bature ce, shi kuwa aikinsa ya riga su zuwa bakin rairayi a ƙasa, ya jira ta kafe ya tura.