Bokitin da Auke Ya Bayar Kyauta

Renske ta ƙara muryar rediyo, sai Auke ya san mutumin ya iso.

Kullum haka take yi. Da ta hango dogon nan, Hidde, yana jingine kekensa a bakin shago, sai ta murɗa rediyo, ta ɗora kofi, ta yanko masa burodi mai sukari. Shi kuwa Auke, mijinta na shekara da shekaru, in ya nemi kofi buta ake nuna masa.

Shagon nasu na ƙoto ne, a bakin ruwa: tana, tsutsa, ƙugiya, zare. A da, ƙananan kifaye masu rai ne ke riƙe da shagon, waɗanda masu fatsa ke soka wa ƙugiya don jawo manya. Da doka ta hana, rabin masu saye suka ɗauke ƙafa. Auke bai yi gardama ba. Ya dai mayar da tankin kifin ɗakin baya, injin iskarsa na gurnani dare da rana, yana sayar wa tsofaffin abokai a ɓoye. Ranar da aka gano, ranar za a rufe shago.

Hidde ba tsohon aboki ba ne. Farkon kaka ya ɓullo. Gwangwanin tana ɗaya yake saye, amma sai kofinsa ya huce bai tafi ba. Hannunsa ba ƙarnin kifi, ba wanda ya taɓa ganinsa da kamu. Ya yi ta rarraba ido a shago, Renske na tsaye tsakaninsa da ƙofar baya, tana wata dariya da Auke ya manta tana da ita.

"Auke, baƙon nan naka miyar tana yake yi ne?" in ji wani tsohon mai fatsa, sauran suka fashe da dariya.

Ranar Renske ta tare shi. "Maigida, zauna mu yi maganar Hidde."

"Kada ki sake kiran sunansa a gabana."

"To ko tankin nan ka zubar, don Allah. Mutumin nan fa..."

"Au, har ya fara koya miki yadda za a juya shagona?" Bai tsaya jin sauran ba, ya bugo ƙofa.

Dabara ta zo masa yana wanke bokitai. Zai ba dogon kifi mai rai, ya bari ya nufi ruwa, sannan ya kira jami'in kula da kamun kifi, wanda lambarsa ke manne a bango tun da aka kafa doka. A kama shi gaban kowa. Sai ya ga ko dariyar za ta ci gaba.

Asabar da safe Renske ta tafi kasuwa. Hidde ya iso, ba rediyo, ba kofi, sai gurnanin injin ɗakin baya. Auke ya tare shi.

"Malam Hidde, kullum tana? Shi ya sa kake komawa gida hannu wofi. Zo ka ga abin maza."

Da hannunsa ya buɗe ƙofar baya. Hidde ya daɗe yana kallon tankin.

"Duk naka ne?"

"Nawa ne, ni ke kiwonsu. Karɓi, kyauta."

Hidde na fitowa da bokiti, Renske na shigowa. Ta dubi bokitin, ta dubi ƙofar baya a buɗe, jakar kasuwa ta suɓuce mata, albasa ta watse. Auke ya dube ta. Ashe har haka ta damu da shi? Ya kasa jiran mutumin ya kai ruwa. Ya fizgo waya, ya danna lambar bango.

"Yanzu za ki ga ƙarshen dogon naki," ya ce mata ƙasa-ƙasa.

Daga bakin ƙofa wata waya ta soma kuka. Hidde ya ajiye bokiti a hankali, ya ciro ta daga aljihu, ya kara a kunne, ya ce, "Jami'in kula da kamun kifi ne, Malam Auke. Ina jin ka."