Yatsa Ɗaya a Kan Ƙwallo

Ana ajiye ƙwallon a wurin bugun fenariti, iskar teku ta mirgine shi. Aka dawo da shi, ta sake kwashewa. Alƙalin wasa ya goge ƙanƙara daga girarsa, ya ce, "Wani ya zo ya danne masa, yadda aka saba."

Kyaftin ya waiga, kowa ya cusa hannuwa a hammata yana tsalle-tsalle. In wannan bai shiga ba, ƙungiya ta faɗa rukunin ƙasa, kowa ya koma jirgin kamun kifi. Mai bugun kuma ƙanensa ne, wanda ya ƙwace masa riga mai lamba tara, tun lokacin ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Kyaftin ya durƙusa, ya ɗora yatsa ɗaya a kan ƙwallon.

"Yaya, kau da kanka, kar in fasa maka hanci."

"Yaushe ka taɓa samun abin da ka auna? Buga kawai, ni ko hannuna ba na ji."

Ya runtse ido. Iska ta cika masa kunne, ba ya bambance kukanta da ihun 'yan kallo. Ya jira, ya ƙara jira.

"Wai uban me kake jira?"

Sai ya ji hannu mai ɗumi a wuyansa.

"Yaya, tashi. Yana cikin raga tun ɗazu."

Ya buɗe ido. Yatsansa na nan a sandare, yana danne iska.