Mai Gyaran Famfo da Littafin da Ya Bari a Intanet

Gyara zama, ga wani misali da nake so ka riƙe.

An yi wani mai gyaran famfon rijiyar burtsatse, irin wanda ke aiki da hasken rana. Allah ya sa wa hannunsa albarka, har daga nesa ake aiko masa. Wata safiya a farkon damina sai ga mutum biyu a kan babur daga wani ƙauye da ke bayan duwatsu. Famfonsu ya tsaya kwana shida ke nan, mata sun koma ɗibar ruwan tafkin da shanu ke sha, har yara sun fara gudawa. Suka nuna masa hoton akwatin da ke sarrafa wutar famfon. Sabon samfuri ne, bai taɓa buɗe irinsa ba, amma ko gezau bai yi ba. Ya zauna a ƙofar shagonsa, ya rubuta sunan kamfanin da lambar akwatin a waya, ya yi ta lalube. Ya wuce shafukan 'yan talla, ya wuce na wasu akwatunan masu kama da shi, har ya kai ga ainihin littafin bayanin: shafi arba'in da takwas, ga zanen wayoyi, ga ma'anar kowace lamba da akwatin ke nunawa idan ya samu matsala. Ya leƙa sama-sama, ya gyaɗa kai, ya ɗauki jakar kayan aikinsa.

Matar da ke da shagon buga takardu a jikin nasa tana kallonsa. Ta ce, "Malam, ka sauke shi cikin wayar mana, ka turo mini in buga maka ko da shafukan lambobin ne. Kafin ka ɗaure jakar nan a babur na gama." Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, abin da ke intanet ina za shi? Duk inda na sa ƙafa yana aljihuna." Ya hau babur ɗinsa ya bi bayan mutanen.

Sai bayan azahar suka isa. Ya tarar da bokitai da jarkoki jere a gindin tankin, don labari ya riga shi cewa mai gyara na tafe. Ya buɗe akwatin, ya ga jar lamba tara tana ƙiftawa. Ya zaro waya don ya ga me tara take nufi, sai ya ga babu sabis ko ɗigo. Aka ce masa a kan dutsen can wani lokaci ana samu. Ya hau, yana haki, ya ɗaga waya gabas, ya ɗaga yamma. Sandar sabis ɗaya ta leƙo, shafin ya fara buɗewa, sunan kamfanin ya bayyana, daga nan sai fari fat. Ya sake gwadawa har rana ta karkata. Ya sauko ya tsaya gaban akwatin, wayoyi goma sha biyu suna kallonsa. Zuciya ta ce masa ya yi ta canki-canka, ko a dace. Amma ya san waya ɗaya in ta shiga inda ba nata ba, akwatin ya ƙone, ƙauyen kuma ya shiga watanni babu ruwa. Sai ya rufe shi, ya je ya gaya wa mai unguwa gaskiya: ilimin da zai yi aikin da shi ya baro shi a gari. Ba wanda ya ɗaga masa murya. Wata tsohuwa dai ta zo ta zare bokitinta daga layi, ta ce, "Sannu da hanya, ɗan nan," ta nufi tafki. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Washegari ya koma gari. Bai ko shiga gida ba, ya sake nemo littafin, ya sauke shi, ya sa masa sunan da zai gane shi da shi, ya tura wa maƙwabciyar tasa. Ta buga, ta haɗa da ƙusar takarda, ta sa masa a leda. Sai dai kafin ya juya aka tafka ruwan sama, rafin da ke kan hanyar ƙauyen ya cika ya tumbatsa, babu mai haye shi sai bayan kwana biyu. Ranar da ya isa, ya buɗe shafi na talatin da ɗaya, ya bi da yatsa. Lamba tara cewa take yi tanki ya cika, alhali tankin wayam yake. Ya hau tsani ya leƙa tankin, sai ga 'yar siririyar wayar da ke nuna cikarsa, tsatsa ta cinye ta. Ya kankare ta, ya ɗaure, ya sauko. Kafin ya goge hannunsa ruwa ya fara zuba a tanki, mata suka ɗauki guɗa. Shi kuwa ya koma gindin ɗorawa ya zauna. A kwanaki ukun da ya ƙara musu, an kai yara biyu asibiti a kan amalanken shanu. Sun warke, Allah ya kiyaye, amma aikin da bai kai minti goma ba shi ya ja musu wannan wahala.

To ka ji. Duk takardar da ka san za ka nema a gaba, ka sauke ta tun kana inda sabis yake, ka adana, in da hali ka buga ta ka riƙe a hannu. Hausawa sun riga sun faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya.