Layin da Ya Ƙi Yin Daidai

Karo na goma sha ɗaya ke nan Auta tana danna maɓallin, kwamfutar kuma tana maimaita mata abu ɗaya: layi na biyu ya bambanta, na uku ya bambanta, na biyar ma haka.

Aikin makaranta ne. Malamin kwamfuta ya ce kowa ya rubuta ɗan firogiram da zai ɗauki fayil biyu, ya bi su layi-layi, ya faɗi inda suka saɓa. Gobe za a gwada a gaban aji, wanda nasa bai yi ba shi zai tsaya a allo ya yi bayani. Auta kuwa ko sunanta aka kira a aji sai muryarta ta maƙale.

Tana zaune a gaban tsohuwar kwamfutar da ke lungun shagon Mama, inda Mama take buga wa mutane takardu.

Da wasiƙar Baba take gwajin. Shekara biyu ke nan da ya tafi tuƙin babbar mota can nesa, kuma duk wata sai saƙonsa ya shigo kwamfutar shago, Mama ta buga mata a takarda. Ta wannan watan har takalminta da ya yage ya tambaya. Auta ta kalli takardar ta sake buga ta da hannunta, kalma bayan kalma, sannan ta roƙi Mama asalin fayil ɗin.

"Duk fayilolin duniya sai wannan?" in ji Mama. "Ki nemi wani mana."

"Shi nake so."

Ya kamata kwamfutar ta ce iri ɗaya ne. Ta ƙi.

Ta duba firogiram ɗin daga sama har ƙasa. Ta goge, ta sake rubutawa. Ta jera wasiƙun biyu ta bi su da yatsa har idonta ya fara ruwa. Ko waƙafi bai ɓace ba. Ji take kamar ta ɗauki kibod ɗin ta maka da ƙasa.

"Ke da na'ura kuke faɗa?" Mama ta ce ba tare da ta waigo ba. "Ki bi ta a hankali, ta girme ki."

Sai dabara ta faɗo mata: ta sa firogiram ɗin ya ƙirga haruffan kowane layi. Nata sittin da ɗaya. Na Baba sittin da uku.

Ta matsa da 'yar sandar nan mai ƙyaftawa a fuskar kwamfutar, harafi-harafi. Ga shi nan. Bayan kowace aya, a fayil ɗin Baba gurbi biyu ne, ba ɗaya ba. Ashe tun farko firogiram ɗinta lafiyarsa lau.

Ta miƙe da murna za ta nuna wa Mama, wadda ke aiki a ɗaya kwamfutar, ta tsaya a bayanta tana jira ta kai ƙarshen layi. Mama ba ta ji zuwanta ba. Yatsunta gudu suke yi, kuma duk sanda ta sa aya sai babban yatsanta ya daki dogon maɓallin barin gurbi sau biyu, tak-tak, yadda aka koya mata a zamanin tafireta.

Auta ta ɗaga ido ta kalli abin da Mama take bugawa. A saman shafin an rubuta: "Autata, ni ne Babanki, ina lafiya."