Baba da Faifan Juya Kan Jirgi

"Tura mana, Ƙato!" in ji shugaban tasha.

Ƙato ya danna kafaɗa a sandar faifan da ake juya kan jirgin ƙasa a kansa. Ya yi nishi, gumi ya jiƙa rigarsa, faifai ko gezau. Baba na gefe yana kallo. An ce ya tsufa, don haka wanda ya juya kan jirgin shi kaɗai yau, aikin nasa ne.

"Saura kai, Baba. Kada dai ƙugu ya ɓalle!" in ji shugaba.

Direba ya ce bari ya gwada birki, ya matsa da kan jirgin gaba kaɗan. Baba ya ɗora hannu ɗaya ya tura. Sai ga tulin ƙarfen nan yana juyawa sumul. Shugaba ya saki baki. Bai san cewa idan nauyi ya zauna daidai tsakiyar faifai, ko akuya ma za ta tura shi ba.

Baba ya ɗaga kai ya dubi direban nan da ya shekara biyu yana kora da kare daga wajen 'yarsa Auta.

"Kai, ɗan nema," ya ce ƙasa-ƙasa, "ka zo da yamma, Auta na gida. Zan ɗaure karen."