Tofin Kaka a Shekarar Korona

A shekarar korona Innarmu tana aikin jinya a Boɗinga, kuma ta hana mu sakat. Ba wasa a waje, ba musabaha, ko atishawa ka yi sai ka sha harara.

Rannan bayan la'asar kakana na wajen uba ya zo daga Lambara, yana ta tari. Ya wanke hannu a ƙofar gida, ya zauna can nesa da takunkuminsa, har Inna tana murmushi. Da zai tafi sai ya kira ni.

"Taho nan, in tsare ka daga cutar ga."

Ya janye takunkumin, ya kama kaina, ya yi addu'a, ya tofa mini a fuska. Har yau ina jin ƙanshin goron bakinsa. Na dubi Inna ina jiran ta yi magana. Ina! Surukinta ne. Ta durƙusa ta ce, "Amin, Baba, mun gode."

Yana fita ta dirje mini fuska da sabulu har idanuna suka yi ja, tana faɗa: "Kai ba ka da ƙafar gudu?"

Na girma, amma abin bai daina ba ni haushi ba. Ita da ke da baki ta ce amin, ni na sha sabulu.